Yesu Ya Biya Bashina, To Me Ya Sa Shanun Marayu Suka Hana Ni Barci?

Baba, barka da aiki, Allah ya ƙara girma. Don Allah a sakaya sunana. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kafur, amma shekarata goma sha ɗaya a cikin garin Katsina, ina da shagon kayan masarufi. Shekara tara ke nan da yayana ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Da aka share makoki, dangi suka damƙa mani shanun huɗarsa biyu da buhun masara ashirin, in sayar in riƙe wa marayu kuɗin amana. Na sayar. A lokacin shagona ya kusa durƙushewa, sai na zuba kuɗin a ciki da niyyar in mayar bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce. Da matar yayana ta tambaya, na ce mata marigayi ya bar bashi, kuɗin can suka tafi. Ta yi shiru, ta ce to, Allah ya ba mu haƙuri. Babbar 'yarsu ta bar makaranta daga aji uku na sakandare, daga baya aka yi mata aure. Har yau in na je gida ƙananan suna rugowa su karɓi jakata suna Baba oyoyo.

Shagon ya tashi. Na tuba a gaban Allah ba sau ɗaya ba. Ina azumi duk Laraba, na ninka zakkata, da ake rufin cocinmu ni na sayi bandir uku na kwano. Duk da haka ba na barci. Shekara biyu rabona da Jibin Ubangiji, gurasar nan da muke ci a coci don tunawa da mutuwar Yesu, in farantin ya iso gabana sai in miƙa wa na kusa da ni. Ɗana na biyu yana da sikila, duk daren da ciwon ya tashi sai in ce alhakin marayu ne. Yanzu kuma ana so a sa ni cikin dattawan ikkilisiya. Wani abokina da muke zumuntar maza tare ya ce jinin Yesu ya wanke komai, in bar tone-tone, Shaiɗan ne yake tuna mani. Maƙwabcin shagona Musulmi ne, da na ba shi labarin kamar na wani ne, ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Baba, in Yesu ya biya, me ya rage a kaina? In kuwa sai na biya, ina alherin yake? Ko dai Allah ya riga ya yanke mani hukunci a jikin yaron nan?

Ɗanka a Katsina.

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Bari in fara da yaron, don shi ne ba shi da hannu a maganar nan, kuma shi ka ɗora wa kaya mafi nauyi.

Sikila gadonta ake yi ta jini, daga uwa da uba gaba ɗaya. In miji da mata dukansu suna da jinin AS, kowane ciki da matar ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa SS. Kai da jinin nan aka haife ka. Yana jikinka tun kana goye a bayan mahaifiyarku, tun ba a haifi kakannin shanun nan ba. Ranar da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambayi Yesu ko laifin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, amsar da ya ba su a Yahaya sura 9 ita ce ba wannan ba ne, ba kuma wancan ba. Ezekiyel sura 18 ma ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Na san za ka ce mani, ai ɗan da Dauda ya haifa da matar Uriya ya mutu. Haka ne. Amma can annabi Natan aka aiko takanas da saƙo daga bakin Allah. Kai wa aka aiko maka? Zuciyarka ce ta naɗa kanta annabi da ƙarfe biyun dare. Ka riƙa kai yaron asibiti a kan kari, ya sha ruwa da yawa, a kiyaye shi da sanyi da cizon sauro, musamman in hunturun Katsina ya kama. Kuma ka daina kallonsa kamar takardar sammaci. Yara suna gane irin kallon da ake yi masu ko ba a faɗa ba.

To, mu zo kan rashin barcinka. Abokinka ya ce Shaiɗan ne. Ban yarda ba. Shaiɗan mai ƙara ne, wannan gaskiya ne, amma ƙararsa ba ta da ƙofa: ka lalace, ka yi nisa, kada ma ka ɓata bakinka da addu'a. Abin da yake tashe ka cikin dare kuwa yana da suna da lamba. Mace ɗaya, bijimai biyu, buhu ashirin, da hanyar mota da ta bi ta Malumfashi ta kai ƙofar gidanta. Muryar da take nuna maka ƙofa ba ta magabci ba ce. Dauda ya san wannan ciwon, ya ce a Zabura 32 sa'ad da ya yi shiru ƙasusuwansa sun lalace, hannun Allah ya yi masa nauyi dare da rana, sai da ya buɗe baki ya faɗi laifinsa. Ni da za ka rubuto mani ka ce kana sharar barci da minshari, da abin ya fi tayar mani da hankali.

Sai dai maganin da kake sha ba na ciwon ba ne. Azumin Laraba, ninka zakka, bandir uku na kwano. Ka tsaya ka dubi abin da kake yi: kana ƙoƙarin yi wa kanka kafara. Kalmar nan ta kafara duk mun tashi da ita a kunne. Maƙwabtanmu Musulmi suna cewa kaffara, kuma a wurinsu abu ne da mai laifi yake yi don ya goge laifinsa, kamar azumi sittin a jere ko ciyar da miskinai sittin ga wanda ya karya azumin Ramadan da gangan. Littafi Mai Tsarki da muke karantawa da Hausa yana amfani da kalmar, amma ya ɗora ta a kan wani abu daban, kuma da yawa daga cikinmu muna karanta ta da idon coci muna fahimtarta da kunnen unguwa.

Ka buɗe Littafin Firistoci sura 16, inda aka tsara Ranar Kafara. Sau ɗaya a shekara, ranar goma ga wata na bakwai, babban firist shi kaɗai yake shiga Wuri Mafi Tsarki. Kafin ya shiga don jama'a sai ya yanka bijimi don nasa zunubin. Sannan a kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a. Ɗaya a yanka, a yayyafa jininsa a kan murfin akwatin alkawari. Ɗayan kuma firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, a kore shi cikin jeji ya tafi da su. Jama'a fa, me aka ce su yi? Su ƙasƙantar da kansu, kada su yi aikin komai ranar nan. Ana yi dominsu, su suna tsaye a waje. A sura ta gaba, aya ta 11, Allah ya ce shi ne ya ba su jinin a kan bagade don kafara. Shi aka yi wa laifi, shi kuma ya kawo abin gyara. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce duk wannan inuwa ce, jinin bijimai da awaki ba ya iya kawar da zunubi, shi ya sa ake maimaitawa shekara bayan shekara, har Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak ba ƙari. In jinin bijimi mai rai bai isa ba, ina kwanon rufi zai isa?

Kai ɗan kasuwa ne, kana da littafin bashi a ƙarƙashin kanta. A ce wata tsohuwa ta ci bashin shinkafa da mai har ya taru, ka ga ba ta da halin biya, ka ɗauki biro ka soke. Ita ta huta. Amma shinkafar ba ta dawo cikin buhu ba. Akwai wanda ya biya, kai ne, daga uwar kuɗinka. Ba a taɓa yin yafiya ba tare da wani ya haɗiye asara ba. Bulus ya ce wa Kolosiyawa, a sura 2 aya 14, Allah ya soke takardar bashin da ke kanmu ya kafe ta a jikin gicciye. Sokewar kyauta ce gare mu. A wurinsa kuwa ta ci rai.

Mutane suna tambaya, me ya hana Allah ya ce na yafe kawai, tunda shi mai iko ne? Amsar tana zaune a ƙauyenku, tana ɗaura zane. A ce matar yayanka ta kai ƙara gaban alƙali, alƙali ya dube ka ya ce, wannan ai mutumin kirki ne, yana zuwa coci, na kori ƙara. Me za a kira alƙalin nan a bakin kasuwa? Allah da kansa ya ce a Fitowa sura 22 kada a wulaƙanta gwauruwa ko maraya, in sun yi kuka gare shi lalle zai ji. Wanda ya faɗi haka ba zai mayar da hawayen matar nan kamar ruwan wanke hannu ba. Wannan ita ce matsalar da Romawa 3, aya 23 zuwa 26, take warwarewa: yadda Allah zai zama mai adalci, ya kuma kuɓutar da mai laifin da ya ba da gaskiya ga Yesu, ba tare da ɗayan ya ture ɗayan ba. A kan gicciye aka auna abin da ka yi da mudu cikakke, ba a rage ko ƙwaya ba, sannan wani ya ɗauka. Kada kuma ka zaci uba ne ya huce fushinsa a kan ɗan da bai ji ba bai gani ba. Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi yake ba da shi don kansa, Bulus kuma ya ce Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa. Mai shagon ne ya soke bashin da hannunsa, ya biya daga jikinsa.

Saboda haka tambayarka ta farko, me ya rage a kanka a gaban Allah na hukunci, amsarta babu, ga wanda ya tuba da gaske ya dogara ga Almasihu. Romawa 8 aya 1 ta faɗa ba kwana-kwana. Ba za ka ƙara ko sisi a kan abin da aka biya ba.

Amma shanun fa ba na Allah ba ne, na marayu ne.

Nan abokinka ya kauce hanya. Ya ɗauki rabin gaskiya ya yi maka bargo da ita. Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitila ta rataye a watan Afrilu na 1945, ya kira irin wannan wa'azi alheri mai araha, wato gafara ba tare da tuba ba. Ni kuwa rufa-rufa nake kiransa. Ka koma Littafin Firistocin nan dai, sura 6, aya 1 zuwa 7. Sai ka ce da kai aka zauna aka rubuta. Ana maganar mutumin da ya yaudari maƙwabcinsa a kan ajiya ko amana, ko ya ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi ƙarya a kai. Da farko nassin ya kira abin cin amanar Ubangiji, ko da yake mutum aka cuta. Sannan ya ce mai laifin ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi. A ranar kuma ya kawo rago marar lahani wurin firist, a yi masa kafara, a gafarta masa. Abu biyu ne ke nan, kuma ba a yarda ɗaya ya tsaya a madadin ɗaya ba. Ba a ce ya kawo rago biyu ya riƙe kayan mutane ba. Ragon nan Almasihu ya maye gurbinsa har abada. Mayar da kaya kuwa, na karanta Sabon Alkawari daga Matiyu har Wahayi ban ga inda aka soke shi ba. Abin da na gani shi ne Matiyu 5, aya 23 da 24: in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Kai kuwa baikon ka ninka, tafiyar ce ka ƙi. Kada ka ji haushina, amma duk lokacin da ruwan sama ya buga kwanon cocin nan, a cikin ƙarar akwai kuɗin makarantar yarinyar yayanka.

Akwai mutum biyu a cikin Bishara da suka mayar da kuɗin haram, kuma ina so ka ajiye su gefe da gefe. Yahuza, almajirin da ya ba da Yesu, ya mayar da azurfa talatin ɗin da aka biya shi, har ya furta da bakinsa cewa ya ci amanar marar laifi. Ya watsar da kuɗin a Haikali ya je ya rataye kansa. Ya biya, amma bai san akwai alheri ba. Zakka kuma, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, gajeren nan da ya hau itace, bai yi alkawarin komai ba lokacin da Yesu ya ɗaga kai ya kira sunansa ya ce yau a gidanka zan sauka. Babu sharaɗi, babu sai ka gyara tukuna. Mutane har suna gunaguni. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ka ga yadda abin ya jeru a Luka 19. Zakka bai sayi zuwan Yesu da kuɗinsa ba. Zuwan Yesu ne ya kwance masa hannu. Ka tambaye ni ina alherin yake in har sai ka biya. Ga shi nan: shekara tara tsoro ya ɗaure ka, tsoron kunya, tsoron a ce wane ɓarawo ne, tsoron shago ya koma inda ya fito. Mutumin da ya san Allah ya riga ya ga mafi muninsa kuma ya karɓe shi, shi ne kaɗai yake iya tsayawa gaban dangi ya ce ni ne, ƙafarsa ba ta ɗauke shi a guje ba.

Maƙwabcin shagonka ya fi abokinka kusa da gaskiya, kuma ka gode masa. Ikkilisiya ma ta daɗe da sanin haka. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rubuta a wata wasiƙa cewa wanda yake da halin mayar da abin da ya ƙwace bai mayar ba, tubarsa ta baki ce. Inda koyarwarmu ta ɗan bambanta da abin da maƙwabcinka ya faɗa shi ne, gafarar Allah ba ta rataye a bakin matar yayanka ba. In ka je da gaskiya, ka mayar, ta ce ba ta yafe ba, ba ka koma ƙarƙashin hukunci ba. Romawa 12 aya 18 ta ce mu yi zaman lafiya da kowa iyakar abin da ke hannunmu. Zuwa da mayarwa suna hannunka. Zuciyarta ba ta hannunka.

Wannan na san shi a jikina. Ina ƙaramin malamin firamare, ni nake riƙe adashin malamai. Wata rana kwasar wani abokin aikina ta zo daidai da wata matsala tawa, na cinye, na ce masa an yanke mani aljihu a mota. Shekara huɗu ina gaisawa da shi kullum da safe a bakin aji. Ranar da na kai masa, yana zaune a zaure kan tabarma. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya karɓi kuɗin, ya lashi yatsa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ɗaga gefen tabarma ya tura su ƙasa. Ya ce, to. Ya ƙwala wa yaro kira ya kawo mani ruwa. Shi ke nan. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba, kuma har Allah ya ɗauki ransa bai sake taka ƙofar gidana ba. Na yi barci a daren nan, amma abotar ba ta dawo ba. Ina gaya maka ne don kada ka tafi da tsammanin za a rungume ka ana kuka ana waƙa kamar a wasan kwaikwayon Kirsimeti.

Matarka za ka fara gaya wa, yau ko gobe, don kuɗin da za su fita daga bakin 'ya'yanta za su fita, kuma bai kamata ta ji a bakin duniya ba. Daga nan sai lissafi, kuma nan ne son zuciya zai zo maka da fuskar hankali. Kada ka kawo mani adadin nairar da ka karɓa shekara tara da suka wuce. Kai da kanka ka san abin da naira ta zama, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Bijimai aka ba ka, bijimai za ka mayar. Ka je kara, ko a Charanci ko inda ka fi sani, ka tambayi kuɗin shanun huɗa biyu masu ƙarfi a yau, ka tambayi kuɗin buhun masara, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan. Ba na cewa dokar Musa tana kanka kamar yadda take kan Isra'ila, amma ma'auni ne mai kyau, kuma ka tuna da a ce an ajiye kuɗin nan an juya wa marayu, da ba haka suke ba yanzu. In ba za ka iya a dunƙule ba, ka kai abin da zai yi maka ciwo a karon farko, sauran a rubuta a takarda da shaidu, wata-wata ko kaka-kaka. Ni a ganina ma shagon nan da kuɗinsu ya miƙe, don haka in dangi suka ce marayu suna da kaso a ciki, kada ka buɗe baki ka yi musu.

Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka tafi da tawaga. Ka ɗauki dattijo ɗaya daga cikin waɗanda suka damƙa maka amanar, wanda ita ma take jin nauyinsa. In ta shimfiɗa maka tabarma ko ta jawo maka kujera, ka zauna a ƙasa. Ka faɗi abin da sunansa: na ci kuɗin, na yi maki ƙarya. Ban da labarin yadda shago ya kusa rushewa, ban da sharrin Shaiɗan ne, ban da jawo mata aya a kan yafiya. Wanda ya yi laifi ba shi ne zai yi wa wanda ya cuta wa'azin gafara ba. In ta yi kuka ka bari ta yi. In ta tashi ta shige ɗaki ka ba ta kwanaki. In ma ta ce sai an je gaban mai gari ko kotu, haƙƙinta ne. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya sami alkawarin Firdausi a ranar, amma ba a sauke shi daga kan gicciyen ba, kuma shi da bakinsa ya ce abin da ya same su daidai ne.

Akwai wani abu da ba ka lissafa a wasiƙarka ba, ni kuwa shi ya fi tsaya mani a rai. Ka ɗora wa mamaci bashin da bai ci ba. Shekara tara matarsa tana zaune da tunanin mijinta ya ɓoye mata bashi ya bar ta a rana, 'ya'yansa kuma sun tashi da labarin ubansu ya mutu da kayan mutane. Wannan ba ya cin ko kwabo wajen gyarawa, amma ya fi shanun wuyar fita daga baki. Duk wanda ya ji ƙaryar nan a cikin dangi, ya kamata ya ji gaskiyar daga bakinka, su kuma yaran a tara su a gaya masu ubansu bai bar bashin kowa ba.

Sai babbar yarinyar. Ita ce inda lissafinka zai tsaya cik, don babu kasuwar da ake sayar da shekarun da suka wuce. Ka same ta daban, da sanin mijinta, ka roƙe ta gafara, ka tambaye ta abin da take so. Wataƙila ta ce za ta koma karatu ta zauna jarrabawar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu, wataƙila keken ɗinki ko jari, wataƙila ta ce ka ɗauki nauyin karatun ƙannenta ko 'ya'yanta. Kada ka zaɓa mata. An riga an zaɓa mata sau ɗaya. Kuma duk abin da ka yi, za ka ga akwai ragowar da hannunka bai kai ba. Wannan ragowar kada ka mayar da ita azumin Laraba. Ita ce ka kai gindin gicciye ka bari a can, kana roƙon Allah ya yi wa yarinyar abin da kai ba za ka iya ba.

Zancen dattijon ikkilisiya kuwa, ka je wurin fastonku kafin a kai ga zaɓe, ka gaya masa komai, ka ce a cire sunanka a wannan karon. In majalisar ikkilisiya ta ga ya dace a sa ka a horo, ka karɓa, ba mutuwa ba ce. Amma ban ba ka shawarar ka miƙe ranar Lahadi ka yi shaida a gaban jama'a ba tun matar ba ta ji ba. Labarin nata ne kafin ya zama na kowa, kuma akwai masu furta laifi a bainar jama'a don a tafa masu.

Jibin Ubangiji ba sai ka gama biyan kwabo na ƙarshe za ka koma ba. Teburin nan ba na waɗanda suka gama biya ba ne, da haka ne da farantin zai zagaya ya koma a cike. Abin da Bulus ya ce shi ne kowa ya auna kansa sannan ya ci. Ka je ƙauye, ka buɗe baki, ka kai kashi na farko, ka sanar da fasto, in ya ba ka izini ka miƙa hannu ka ɗauki gurasar kamar kowa. Ka duba ranar da za a yi na gaba a cocinku, ka tabbata ka shiga motar Malumfashi kafin ranar. In ka dawo ka sake rubuto mani, ina so in ji abin da ta ce, in kuma ji yaya jikin yaron.